Taɓarya Biyu Daga Kan Soro

A gidanmu na Ƙofar Marke babu wanda bai san ban iya daka ba. Har awakin Baba sun sani, don da zarar sun ga na ɗauki taɓarya sai su taso su kewaye turmi, sun tabbata rabin geron a ƙasa zai ƙare. Ina aji ɗaya na babbar sakandare a lokacin, shekarata goma sha biyar, ga tsawo ga baki, amma hannu sai a hankali.

Ni dai har gobe ina cewa laifin Yaya ne. Ita ce babba a ɗakinmu, ta ba ni shekara bakwai. Tun ina firamare, duk ranar da daka ya faɗo kaina sai ta zo ta zare taɓaryar daga hannuna ta kora ni wajen littafi. In Inna ta yi faɗa ta ce ana lalata ni, sai Yaya ta ce ai ita hannunta ne ke ƙaiƙayi. Haka ta yi ta yin nata tana haɗawa da nawa, ni kuwa na miƙe ƙafa a tabarma ina shan fura da takarda a cinya. Ban taɓa tambayar kaina ko tana gajiya ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu yanzu.

Ba wai babu injin niƙa a unguwar ba. Akwai har biyu, ɗaya ma in an tada shi muna jin kukansa daga tsakar gida. Amma Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta shan furar inji, ta ce warin ƙarfe take yi, kuma a gidan nan abin da Kaka ta ƙi ya ƙiyu. Saboda haka turmi bai taɓa samun hutu ba.

Da Yaya ta gama karatun jinya aka sa ranar aurenta da wani malamin makaranta da ke zaune a Mabera, wanda ita da kanta ta kawo shi gida tana wani sunkuyar da kai kamar ba ita ba. Gida ya ɗauki murna. Ni ma na ɗauka, har ranar da Kaka ta tuna mini da turmin fari.

Al'adar gidanmu ce, ban san ko wasu gidajen na yi ba. Geron farko da za a daka na furar biki, mata uku ke tsayawa a kansa: babbar gida, da gwaggon amarya, da ƙanwar da ke bi wa amarya. Kuma ba daka kurum ake yi ba, lugude ne, taɓarya uku suna shiga turmi ɗaya bi da bi kamar ana kiɗa, wadda ta so gwaninta sai ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta sauke daidai kan lokacinta. Ita ƙanwa dole ta tafa sau biyu kafin ta cafe, don a san amarya ta bar magajiya a gida. In ƙanwa ba ta iya ba, sai a ba wata 'yar dangi wurin. Wata 'yar dangin kuwa tana nan a shirye, taubashiyata ce 'yar Gwaggo, sa'ata, wadda kan cilla taɓarya ta tafa ta juyo ta yi mini gwalo kafin ta cafe.

Kaka ta ba ni wata guda.

"In ba ki tahwa biyu ba, taubashiyakki ka tsayawa," in ji ta. "Ba ni son a yi muna dariya gaban baƙi."

Abin ya tsaya mini a rai. Ba don gwalon taubashiya ba, ko da yake shi ma yana ciki. Yaya ta yi mini daka shekara kusan goma, sau ɗaya tak ake neman in yi mata, a ce na kasa? Na rantse a zuciyata ko hannuna zai cire sai na tsaya a turmin nan.

A gidan akwai taɓaryar koyo, 'yar ƙarama mara nauyi, ta sha hannun 'yan mata har ta yi sulɓi. Da ita Gwaggo ta koya, da ita Yaya ta koya. Hikimar, in ji matan gida, ita ce mara nauyi tana daɗewa a sama, tana jiran mutum ya gama tafinsa, babba kuwa da an sake ta sai ta faɗo kamar dutse. Kowa ya yarda da wannan, ni ma na yarda, ai magana ce da hankali ya ɗauka.

Kullum bayan la'asar sai in ja tsohon turmi ƙarƙashin rumfar kara, inda rana ba ta dukana, in zuba dusa in yi ta fama. Mako biyu ina abu ɗaya. Tafi ɗaya yana samuwa da ƙyar, na biyu kuwa kafin hannuwana su haɗu taɓarya ta riga ta dawo, wani lokaci cikin turmi, wani lokaci kan babban yatsan ƙafata. Ga ta da karkacewa, in na cilla ta tsaye sai ta dawo a kaikaice. Taubashiya ta mayar da gidanmu wajen hira. Takan zauna a bakin rijiya ta harɗe ƙafa, ta ce in ɗauko littafina ta taya ni neman shafin da aka rubuta lugude. Yaya ta so ta roƙar mini sassauci wajen Kaka, na hana ta.

Malamar fiziks ɗinmu Bakanuwa ce, aure ya kawo ta Sakkwato. Gajeruwa ce mai saurin magana, muna kwaikwayon maganarta a bayan idonta, ita kuma tana kwaikwayon tamu a gaban idonmu. Wannan zangon muna kan ƙarfi da motsi. A gaskiya ni hadda nake yi, in zuba a jarrabawa in ci, ban taɓa zaton abin ya shafi wani abu da ke cikin gidanmu ba. Ranar wata Talata ta shigo aji da ƙaton kwaɗon ƙofa a hannu ɗaya, guntun alli a ɗaya hannun. Ta tattare zani ta hau kan tebur, muka zuba mata ido don ba mu taɓa ganin malama a kan tebur ba. Ta tambaya wanne zai riga isa ƙasa in ta sake su tare. Aji duka muka ce kwaɗo, ni har da ƙarin bayani. Ta buɗe hannuwa. Tare suka faɗi.

Muka ce ba mu gani da kyau ba, a sake. Ta sake har sau huɗu, allin ya ƙare a gutsuttsure. Sannan ta sauko ta yi bayani da Turanci, ta dubi idanunmu, ta koma Hausa. Ta ce gaskiya ne ƙasa ta fi jan abu mai nauyi da ƙarfi, amma shi mai nauyin ya fi taurin kai wajen motsawa, daidai gwargwadon nauyinsa, sai abin ya tashi babu wanda ya ci wani. Takarda da gashin kaza kuwa iska ce ke tare su. Ta dunƙule takarda ta sake ta tare da kwaɗon don mu gani, su ma tare suka sauka. Sauran darasin ban ji shi ba, hankalina ya riga ni tafiya gida.

Ko hijabi ban cire ba na tsaya a tsakar gida na sanar da kowa cewa shekara da shekaru ana cutar 'yan mata da ƙaramar taɓarya, don ba ta daɗewa a sama ko da ƙiftawar ido fiye da babba. Kaka tana zaune tana tsinkar zogale. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce boko ya fara taɓa ni. Na ce a gwada. Ta ce in na yi gaskiya za ta ba ni taɓaryarta, wadda ko Gwaggo ba ta isa ta taɓa ba, in kuwa na yi ƙarya ni zan riƙa wanke ƙoren fura har ranar biki.

Akwai tarin yashi da aka sauke don gyaran ɗakin baƙi. Na kafa tsani na hau soron Baba, aka miƙo mini taɓarya biyu, ta koyo da wata babba ta Inna. Matan gida duk suka fito, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na riƙe su tsaye, ɗaya a kowane hannu, na daidaita kawunansu da kafaɗata, na yi bismilla na saki.

Babbar ce ta riga sauka. Ba da wata rata mai yawa ba, amma kowa ya ji ƙara biyu, ɗaya na bin ɗaya.

Guɗar da taubashiya ta rangaɗa ranar, ina jin har Hubbare an ji ta. Na sauko daga tsani, na wuce kai tsaye wajen ƙore na fara wanki ina haɗiye hawaye. Duk cikin mutanen duniya babu wadda nake jin haushi kamar Malama.

Washegari na tare ta a bakin ofis, ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce mata abin nata a kan kwaɗo kawai yake aiki. Ba ta yi fushi ba. Ta sa na kwashe labarin duka, tana dariya har da riƙe ƙofa, sannan ta tambaye ni tsawon kowace taɓarya da yadda na riƙe su. Na nuna mata. Ta ɗauki rula da guntun fensir ta daidaita kawunansu, ta ce in dubi ƙasansu. Sai a lokacin na gane wautar da na tafka. Taɓaryar Inna ta fi ta koyo tsawo da kusan kamu guda. Na daidaita sama na manta da ƙasa, wato na ba babbar ratar kamu ɗaya tun kafin a fara tsere.

Da ta ji dalilin da ya sa na damu, sai ta daina dariya ta jawo takarda. Ta ce lokacin da taɓarya ke yi a sama ba ruwansa da nauyinta, tsayin da ta kai shi ne magana, kuma gwargwadon lokacin hawa shi ne lokacin sauka. Ta tambaye ni nawa nake cillawa, na ce kamar taƙi ɗaya, wato buɗin tafin hannu, kuma yana ba ni tafi ɗaya.

"To in kina son lokacin ya ninka, ba ninka tsayin za ki yi ba," in ji ta. "Sau huɗu za ki ɗaga shi. Taƙi huɗu."

Ta nuna mini a lissafi, irin lissafin da na haddace tun makon jiya ban san me yake faɗa ba. Sannan ta tambayi inda nake koyon. Na ce ƙarƙashin rumfa. Ta ce rumfar ta kai ina? Na ɗaga hannu sama da kaina kaɗan, sai na tsaya da hannun a sama kamar wadda aka dasa. Mako biyu ina tsoron kada in tsokane rufin kara, ina rage ƙarfin cillawa ba tare da na sani ba. Ko aljana ce ba za ta tafa biyu a ƙarƙashin rumfar nan ba. Game da karkacewa kuwa, ta ce taurin kan nan na abu mai nauyi shi zai taimake ni, don 'yar rawar da hannuna ke yi wajen saki tana juya ƙaramar taɓarya, babba kuwa ba kasafai take kula ta ba.

Da na nemi a sake gwaji Kaka ta ce an gama shari'a, alƙali ya tashi. Yaya ce ta lallaɓa ta, ta matsa mata ƙafa ta yi mata kirari, har ta yarda. Amma ta ce wannan karon ba za ta duba ba, ido ya cika ruɗi, da kunne za ta yi hukunci. Ta sa aka kai mata kujera kusa da yashin, ta zauna ta rufe ido. Na hau soro, na daidaita ƙasan taɓaryun da bakin rufi, na duba na sake dubawa, na saki.

Ƙara ɗaya aka ji.

"Sake," in ji Kaka, idonta a rufe.

Aka miƙo mini su na sake. Ta ce in musanya hannu, na musanya. Ta ce taubashiya ta hau ta saki da kanta, kada a ce na yi wani siddabaru. Taubashiya ta hau tana gunaguni, ta saki, ƙara ɗaya. Kaka ta buɗe ido ta daɗe tana kallon taɓaryun nan biyu a kwance kan yashi.

"Ƙara guda ta," ta ce. "To mu mi munka kwashe shekaru muna hwaɗi?"

Sai ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame, tsakar gida duka ta ɗauka. Daɗin da na ji a kan soron nan ban san yadda zan kwatanta shi ba, na dai san na yi rawa a wurin har Inna ta ce in sauko kafin in rufta wa Baba ɗaki. Kafin magariba Kaka ta riga ta gyara labarin. Ta ce ita dama da babbar taɓaryar uwarta ta koya, don a gidansu babu ƙarama, wannan ta koyon an saye ta ne saboda Gwaggo tana da son jiki. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta musu, ni dai na shige ɗakin Kaka na ɗauko taɓaryata.

Baƙa ce, ta yi santsi a tsakiya inda hannu ke kamawa, nauyinta kuwa ranar farko sai da na ji shi har cikin haƙarƙarina. Na fitar da turmi fili, inda babu komai a sama sai sararin Allah. Cillawa ta miƙe, taɓarya tana tafiya tsaye tana dawowa tsaye, amma kafin in kai ta taƙi huɗu kafaɗuna sun mutu. Kwana uku Kaka tana zaune tana kallona. A na huɗu ta taso ta tsaya bayana ta riƙe gwiwar hannuna.

"Ba ke ka ɗaga ta ba, turmi ka maido maki ita," ta ce. "Ke dai ki raka ta."

Ashe in taɓarya ta daki gero takan yi ɗan tsalle da kanta, kuma a cikin wannan tsallen ake ƙara mata ƙarfi, ba bayan ta tsaya ba. Ni kuwa sai in bari ta mutu a turmi sannan in ciccibo ta daga farko. Da na ba Malama labari ta ce Kaka ta riga ta shiga darasin mako mai zuwa, wai duk ƙarfin da taɓarya ta kai wa turmi, turmi ma yana mayar mata da kwatankwacinsa. Na kawo wa Kaka wannan, ta ce a gaida Malama, da alama yarinyar tana da hankali.

Saura kwana tara biki tafi biyu ya samu. Na cilla, na ga taɓarya ta hau ta ɗan tsaya cak a sama, na tafa, na sake tafawa, ta sauko cikin hannuna kamar an aiko ta. Na ajiye ta na zagaye tsakar gida da gudu, awaki suka watse. Tafin hannuna duk ya yi bororo, wasu sun fashe, ban ma san da su ba sai da na zo alwala. Washegari na yi sau biyar a jere gaban Kaka, ta gyaɗa kai ta ce a gaya wa taubashiya ta nemi wani aikin.

Ranar turmin fari da hantsi gida ya cika maƙil, dangin Inna, dangin Baba, matan abokan Baba na kara, kasuwar dabbobi, har da waɗanda ba a gayyata ba. Yaya tana cikin ɗaki an ɗaure mata hannu da ƙafa da lalle, don amarya ba ta fitowa ranar. Aka surfa gero aka wanke, aka zuba a babban turmi. Kaka ta tsaya da taɓaryar Inna, Gwaggo da tata, ni da baƙar. Kaka ta fara, Gwaggo ta bi, na bi. Zagaye na farko zuciyata ta fi turmin ƙara. Zuwa na goma na daina ƙirga, hannuna ya shiga kiɗan da kansa. Gwaggo ta cilla ta tafa ɗaya, mata suka yi shewa. Kaka ta dube ni ta ɗaga gira.

Na bari turmi ya maido ta, na raka ta, na saki. Na tafa biyu, na cafe, na sauke daidai bayan ta Gwaggo, kiɗan bai karye ba.

Guɗa ta tashi ta ko'ina, kuma wadda ta fi kowa ƙara ta taubashiya ce, na gane muryarta. Na sake cillawa don kada a ce sa'a ce. Aka tsaya a juya gero, mata suka yanyame ni, wannan ta shafa kaina, wannan ta ɗaga hannuna sama. Gwaggo tana haki tana share gumi ta ɗaga murya don kowa ya ji, ta ce amarya ta bar magajiya.

"Daga gobe turmi naki na," ta ce mini.

Sai muka ga labulen ɗaki ya motsa. Yaya ce ta fito, tana tafiya da dunduniya, ƙafafu da hannuwa a naɗe cikin leda, mayafi ya zame mata, fuskarta sharkaf da hawaye amma tana dariya. Tsofaffi suka fara salati suna cewa a mayar da ita. Ba ta kula su ba sai da ta iso bakin turmi. Ta dubi tafin hannuna, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juya wajen Gwaggo.

"Gwaggo, yau ɗai na," ta ce. "Gobe ta koma ga takardunta. In na ji an ba ta taɓarya, wallahi gida ni ka dawowa in yi dakan da kaina."

Mata suka kwashe da dariya, Kaka ta ce a kama amarya a mayar ɗaki kafin lalle ya goge. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya rungume da taɓarya ina kuka kamar ƙaramar yarinya, da aka ce a ci gaba na kasa ɗaga hannu, sai taubashiya ce ta karɓa ta ƙarasa dakan.